Guraben Kawu Ultan

Tsoron ya fara kama ni ne wata safiya da Kawu Ultan ya ce in nemo masa hantsakinsa. Yana zaune a teburin kicin inda ya saba aiki, ya shimfiɗa farin ƙyalle ya ɗora wata tsohuwar wasiƙa a kai. Ni kuma ina bakin famfo ina wanke kofuna.

"Dervla, kin ɗauke mini hantsaki?"

"Me zan yi da shi, Kawu?"

"Wa ya sani? Ku 'yan yanzu har gira kuke tsigewa da kayan mutane."

Na juyo. Hantsakin yana nan kan ƙyallen, dab da hannunsa na hagu, ƙaramin yatsansa ya kusa taɓa shi. Na ɗauka tsokanata yake yi, don ya saba. Na tsaya ina jira ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ɗaga littafin da ke damansa ya leƙa ƙarƙashi, ya ture kwanon sukari, ya laluba aljihun rigarsa. Idonsa ya bi teburin daga dama zuwa tsakiya, sai ya sake komawa dama, kamar a nan teburin ya ƙare.

Na ɗauko na miƙa masa. Ya ce, "Ashe dai ke ce ɓarauniyar," ya ci gaba da aikinsa. Na koma bakin famfo. Na daɗe riƙe da kofi ɗaya, ruwa yana zuba a kansa, hannuna ya yi sanyi har kafaɗa ban janye ba.

Kawu Ultan Farrelly yayan mahaifiyata ne. Bai yi aure ba, ban kuma taɓa jin an ce ya nema ba. Tun yana saurayi har ya yi furfura motar madara yake tuƙawa, yana bin gonakin yankin Cavan yana kwasar madara zuwa kamfani. Ya san kowace kwana, ya san karen kowane gida da sunansa, ya san gadar da ruwa ke shanyewa in an yini ana sheƙa shi. Da ya bar aiki sai ya zauna a gidan da aka haife shi, a ƙarshen layin bayan coci, daga shi sai wasiƙunsa.

Labarin yadda ya fara na ji shi har ina iya bayar da shi da muryarsa. Ya tsaya ɗaukar madara a wani ƙaton tsohon gida da aka sayar. Sababbin masu gidan sun sauko da buhunan takardu daga saman rufi suna ƙonawa a tsakar gida. Iska ta kwaso guda ɗaya ta jefa ƙarƙashin tayarsa. Takarda ce da aka ninke ta zama ambulan ɗin kanta, aka liƙe da jan danƙo, babu kan sarki a jikinta. An buga mata sunan garin Granard da baƙin tambari, ƙarƙashin sunan kuma akwai wata lamba. Ya jefa ta aljihu. Daga baya wani tsohon ma'aikacin gidan waya ya gaya masa lambar nisan garin ce daga Dublin, don a wancan zamanin da nisa ake yanke kuɗin wasiƙa. Kawu ya ce ƙarya ne, shi ya tuƙa hanyar nan, ta fi haka tsawo. Tsohon ya ce ai mil ɗin mutanen da ya fi na yanzu tsawo, ya je ya lissafa. Ya je ya lissafa, ya ga haka ne.

"Kin gani, Malama Digiri," haka yake rufe labarin kullum, "da tsohon nan ya bar ni da gaskiyata, da yanzu ina da mata da jikoki."

Washegarin ranar da ya tsinci takardar ya koma gidan, toka kawai ya tarar. Ya ce har yau in ya hangi hayaƙi a tsakar gidan wani sai ya rage gudu.

Abin da yake tarawa shi ne wasiƙun da suka bi ta garuruwan yankinmu kafin zuwan kan sarki, kuma abin da aka rubuta a ciki bai dame shi ba. Bayanta yake kallo: tambarin gari, launin tawada, ranar da ta isa Dublin, lambar da magatakarda ya zana da alƙalami. Ni da na karanta tarihi, wannan ya tsaya mini a rai. Na taɓa buɗe wata, na ga wata mata ce take gaya wa ɗanta saniya ta haihu, ƙafar ubansa kuma ta yi sauƙi.

"Kawu, ka san abin da ke cikin wannan?"

"Gulmar mutane ce. Ninke ta yadda kika same ta, ki kuma ɗauke mini yatsun man shanun nan daga kanta."

A gidansa ba a taɓa su da hannu, ba a ajiye shayi a teburin da suke, ba a kusantar su da biro. Ina ƙarama in muka zo hutu, yakan ɗauke ni ranar Lahadi bayan coci mu je wani ƙauye, ya tsaya gaban wani kanti ko kangon gida ya ce, "Nan ne gidan wayar." Mu tsaya muna kallon bango, sannan ya saya mini alewa mu dawo.

Ni kuma rashin lafiya ce ta kai ni gidansa a wannan karon. Na gama jami'a a Galway a watan Mayu. Ana cikin jarrabawar ƙarshe numfashina ya fara ɗaukewa ba gaira ba dalili. Na dai lallaɓa na gama na koma gida, amma abin ya biyo ni. In waya ta yi ƙara sai in ce wani ya mutu. In Mama ta makara daga aiki sai in tsaya bakin ƙofa ina sauraron jiniya. Har asibiti na sa aka kai ni a kan zuciyata za ta tsaya, aka auna aka ce lafiyarta lau. Likita ya ba ni magani. Mama ta ce in je wurin yayanta in huta, can babu hayaniya, shi ma ya sami mai dafa masa abin da ba waken gwangwani ba.

Kawu bai taɓa tambayata me ya same ni ba. Ranar da na iso ya nuna mini ɗaki, ya nuna mini inda gawayi yake. In ya ga numfashina ya fara sarƙewa sai ya turo mini madubin ƙara girma ya ce, "Duba mini nan, takwas ce ko uku?" Ya san amsar. Kafin in gama dubawa ƙirjina ya ɗan saki.

Amma dai kowa a danginmu ya san Dervla tana ganin masifa inda babu. Ni ma na sani.

Ranar hantsakin na kira Mama da rana, daga bayan gida.

"Mama, Kawu ba ya ganin abin da ke hagunsa."

"Ultan? Mutumin da ke karanta tambarin da ni ko da tabarau ba na gani?"

"A gabansa fa yake, bai gani ba."

"Ni jiya na gama neman makullina yana hannuna. Dervla, 'yata, kin sha maganinki yau?"

"Na sha."

"To ki fita ki ɗan taka. Kada ki tayar wa bawan Allah hankali, kin ji ko?"

Na ce to.

Na daina faɗa, amma ban daina kallo ba. In na zuba masa dankali da kabeji, sai ya cinye rabin farantin na dama tas, ya ajiye cokali ya ce yau na yi masa rowa. In ya tashi ɗauko gishiri sai in juya farantin, ya dawo ya ci sauran. Wata Lahadi ya fito zai tafi coci, kumatu ɗaya sumul, ɗayan da furfurar kwanaki. Na ce ya koma, ya ce reza ce ta dakushe. A mota ni nake zama a hagu, wajen fasinja, rassan shinge suna ta dukan gilashina, madubin gefen kuma an riga an ɗaure shi da salatif. Da na tambaya ya ce katangar coci ce suka matso da ita ba su sanar da kowa ba. Daga nan na ce ina so in ƙware a tuƙi kafin in sami aiki, na karɓe makullin. Ya ji daɗi, ya sami wanda zai riƙa yi wa faɗa a kan birki.

Sau ɗaya na ce mu je likita ya duba masa ido.

"Idona ya fi naki. Ke ce mai zuwa wurin likita a gidan nan, kada mu rikita musu takardu."

A watan Oktoba ƙungiyarsu ta masu tara tsofaffin wasiƙu take nuninta na shekara a zauren coci. Tsofaffi ne duka, ba su cika benci uku ba. Kowa yakan shirya wasiƙunsa a kan fararen takardu masu kauri, ya rubuta bayani da hannu a ƙasan kowace. Ana saura 'yan kwanaki Kawu ya ce in jera masa nasa bisa lamba in saka a akwati. A nan na gan su duka tare. A kowace takarda wasiƙun sun cunkushe a dama, har wata tana hawa kan wata, rubutunsa ya fara daga tsakiya ya tafi har baki. Hagu kuwa fari fat. Na ɗauko na bara na ajiye kusa da su. Na bara a tsakiya suke daidai, kamar an auna.

Na saka guda ɗaya a jaka na tafi wurin Mista Cathal Breheny. Mahauci ne a da, yanzu ɗansa ke riƙe da shagon, shi kuma yana zama a kujera bakin ƙofa yana gyara wa masu wucewa maganarsu. Shi ne babban abokin Kawu, shi ne kuma babban abokin hamayyarsa. Tun ina ƙarama nake jin su suna faɗa a kan tambari.

Ya karɓi takardar ta gefe da gefe, ya kalla, ya ja tsaki.

"Ai na gani. Tun bikin Ista yake mana wannan wulaƙancin."

"Tun Ista?"

"Tun Ista. Yarinya, kawunki tsohon dila ne. Bai gaya miki ba?"

"Me zai gaya mini?"

"Gurbi mana. In mutum yana neman wata wasiƙa bai samu ba tukuna, sai ya bar mata wurinta a takarda. Kowa na yi. Ni ina da gurbin wasiƙar garin Cootehill tun kafin uwarki ta yi aure. Amma ɗaya ake bari, ko biyu. A ce mutum ya bar rabin kowace takarda? Wannan taska ya hango. Wata tsohuwa ce mijinta ya mutu ya bar akwati, yana can yana lallaɓa ta da biskit."

"Kun tambaye shi?"

Ya dube ni kamar na zage shi.

"Tambaya? Ba a tambayar mutum abin da yake farauta. In ka tambaya ka nuna kana so ka riga shi ke nan. Ko Philomena Galligan da bakinta ba ya rufuwa ba ta tambaya ba. Ido muka zuba masa. Ni babu littafin gwanjon da ban bi ba a bana, ban gano ba."

"Ba ya cin rabin abincinsa, Mista Breheny."

"Wa ya dafa?"

Ya yi dariya har da tari. Ya miƙo mini takardar.

"Ki gaishe shi. Ki ce na ce ko me ya samo, in akwai Cootehill a ciki tawa ce."

Na dawo gida a hankali. Maganarsa ta hau, kuma na so ta zama gaskiya. Mutanen da suka san shi tun kafin a haife ni sun ga abin da na gani, sun san sunansa, ba su tsorata ba. Ni kuwa an riga an auna zuciyata an ce lafiya. Na mayar da takardar cikin akwati, na ɗora dankali a wuta.

Ranar nunin Asabar ce, da rana, ana yayyafi. Ni da Misis Galligan muka jera takardun Kawu a allon gilashi, layi-layi bisa lamba. Ita ce sakatariyar ƙungiyar, tsohuwar malamar firamare, ta koyar da Mama ma. Tana jerawa tana raɗa mini.

"Kin ga guraben nan? Bai ɗan tsegunta miki komai ba?"

"A'a."

"Mugun mutum."

Takarda ta farko, can sama a hagu, ita ce mai wasiƙar garin Belturbet. Ita ce abar ƙaunarsa. Tambarinta ja ne, ya fito raɗau kamar jiya aka buga, ya tsince ta ne cikin wani littafin addu'a a kasuwar tsofaffin kaya. Mista Breheny ya yi shekaru yana roƙonsa ya bar masa, har ya taɓa alkawarin ba shi talotalon Kirsimeti kyauta har ƙarshen rayuwarsa.

Kawu ya sa kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa. Ni na yi masa aski da safe, a kan wai ina so in koya. Ya tsaya gaban allon da siririn sanda, ya fara daga tsakiyar layin sama. Babu wanda ya ga laifi, don mai nuni yana da ikon farawa inda ya ga dama. Muryarsa daram take. Bai manta sunan gari ko shekara ba, ya ba su dariya da labarin wani mai gidan waya da yake buga tambari a kife duk ranar kasuwa. Kowane layi daga tsakiya yake farawa. Ina zaune a bencin baya, hannuwana a tsakanin gwiwoyina.

Da ya kai ƙasa ya ce, "Mai daɗin na ajiye muku ƙarshe, don Breheny ya tafi gida da ciwon ciki." Aka yi dariya. Ya juya ga allon. Sandan ya hau, ya sauka, ya sake hawa, ya tsaya.

"Ina ta Belturbet?"

Wani ya sake dariya, yana zaton cikin wasan ne.

"Dervla, kin saka ta a akwati?"

"Na saka, Kawu. Ga ta can sama."

Ya kalli sama, ta dama.

"Philomena, ke kika jera. Ina take?"

"Ultan, ga ta nan, ta farko." Ta nuna da yatsa daga inda take zaune.

Bai bi yatsan ba. Fuskarsa ta yi ja tun daga wuya. Ya juyo ya dubi Mista Breheny.

"Cathal, in wasa ne ya isa haka."

"Ni? Kai Farrelly, kada ka raina mana hankali. Ka hana mu sukuni da gurabenka, yanzu kuma ka..."

"Ka ba ni kayana. A gaban mutane nake roƙonka. Shekara nawa muna tare?"

Muryarsa tana rawa. Ban taɓa jin ta haka ba. Dariyar da ke fuskar Mista Breheny ta ɗauke. Ya tashi ya je, ya ɗora yatsa a gilashin daidai kan wasiƙar ya ƙwanƙwasa. Kawu ya ji ƙarar, ya karkata kai, amma idonsa bai je wurin ba. Sai Mista Breheny ya kama shi ta kafaɗu da manyan hannayen nan nasa, ya ja shi gefe a hankali, har allon gaba ɗaya ya koma damansa.

Kawu ya gan ta. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya mayar da ita?"

A kusurwa butar shayi mai lantarki ta tafasa ta kashe kanta. Misis Galligan ta juyo wurina.

"Dervla, tun yaushe?"

Na buɗe baki, sai Mista Breheny ya riga ni. Bai kalli kowa ba.

"Tun Ista."

Misis Galligan ce ta kai mu asibiti a motarta. Kawu bai yi gardama ba. Abin da kawai ya ce shi ne a rufe allon kada haske ya ci tawada. Mista Breheny ya ce shi zai kwashe wasiƙun da kansa. Kawu ya ce to a sa masa mai gadi. Babu wanda ya san ko a yi dariya ko kada a yi.

Likitar da ta gan mu da kaɗan ta girme ni. Ta tambaye ni abin da na gani, na faɗa mata tun daga teburin kicin har shinge. Ta rubuta duka. Ba ta tambaye ni ko na sha magani ba. Ta ba Kawu takarda ta ce ya zana mata agogo. Ya ce a ba shi fensir, shi ba ya rubutu da biro. Ya zana da'ira mai kyau, ya cusa lambobin duka a rabin dama, ya miƙa mata.

"Na ci jarrabawar, likita?"

"Za mu ɗauki hoton kanka, Mista Farrelly."

"Ki ɗauka ta gefen da na fi kyau."

Idonsa lafiya lau. Ta ce idon yana gani, ƙwaƙwalwa ce ta daina kula da wancan gefen, shi ya sa shi kansa bai san akwai abin da ya ɓace masa ba. Hoton ya nuna wani ƙari a gefen dama na kansa, sama da kunne. Ta nuna mana a kwamfuta, ni da Mama, wadda ta iso da rigar aikinta ko jaka ba ta ɗauko ba. Mama ta riƙe hannuna ta ce, "Ai kin gaya mini." Can ta sake faɗa. Sai na tambaye ta ko ta ci abinci.

An mayar da shi wani babban asibiti a Dublin. Sun yi masa 'yar huda a kai, suka ɗebo ɗan yanki don a auna. Likitan can ya ce irin wannan ƙarin kala-kala ne. Akwai wanda ake cirewa mutum ya koma gidansa ya yi shekaru, akwai wanda sai dai a rage masa gudu. Ba zai ce wanne ba ne sai sakamako ya fito.

Mista Breheny ya zo a bas, shi da ya tsani Dublin. Ya tsaya ta hagun gadon yana magana, Kawu yana ta neman inda muryar take fitowa, sai na nuna masa kujerar dama. Ya zagaya ya zauna.

"Farrelly, sun yi maka askin tunkiya."

"Kai ko ba a yi maka ba babu komai a kan. Ina kayana?"

"Suna gidana, ƙarƙashin gado. Ban taɓa ba."

"Ƙarya kake."

"Sau ɗaya na leƙa."

"Ka wanke hannu?"

"Na wanke."

"Da sabulu, ko irin wankin mahauta?"

"Kai dai ka warke ka zo ka duba. In ka ga tabo ka kai ni ƙara."

Kawu ya yi murmushi ya rufe ido. Mista Breheny ya zauna yana kallon bandejin har ma'aikaciya ta zo ta ce lokacin baƙi ya ƙare. A baranda ya tsayar da ni, hularsa a hannu yana murɗawa.

"Wata da watanni ina jin haushinsa, yarinya. Ina cewa ya sami taska ya ɓoye mini. Duk taro sai in kalli takardun nan in koma gida in kasa cin abinci. Da na buɗe baki na tambaye shi tun farko, da ya canza wani abu?"

Na ce ban sani ba. Na riga na yi wa likitan wannan tambayar, ya ce shi ma ba zai iya cewa ba.

"To," in ji Mista Breheny. Ya sa hularsa ya tafi neman bas.

An sallamo Kawu, yana gida yanzu. Mama ta ɗauki hutu ta dawo nan, tana kwana a ɗakin da ta girma. Misis Galligan tana aiko da miya a tukunya, kullum da 'yar takarda a kan murfin cewa a dawo mata da tukunyarta. An koya mana mu riƙa tuna masa ya juya kai gaba ɗaya in zai tashi ko zai wuce ƙofa. Yana yi in an faɗa, in ba a faɗa ba ya manta. Jiya yana zaune kusa da murhu ya kira ni.

"Malama Digiri, sun ce akwai rabin duniya da ba na gani. Me ke can yanzu?"

"Ni ce, Kawu, da kwandon gawayi."

"To ban yi asarar komai ba."

Na yi dariya, don na ga yana so in yi.

Abin da ban gane ba shi ne, tun ranar zauren coci numfashina bai sake ɗaukewa ba. Ina barci, ina tashi, ina feraye dankali, ina kai shara. In waya ta yi ƙara ina ɗauka kamar kowa. Mama ta ce na samu sauƙi. Ni dai abin da na sani, fargabar ta tafi, kuma babu abin da ya zo a madadinta. Wani lokaci sai in ga na tsaya a tsakiyar ɗaki da tawul a hannu, ban san inda zan kai shi ba.

Mutanen asibiti sun ce za su kira in sakamakon ya fito, su ba mu ranar komawa Dublin. Na ba su lambata da ta Mama. Har yanzu ba su kira ba.